Garba Jamus da Marsandin Baba Yakubu

Garba Jamus bai taɓa zuwa Jamus ba, gara in faɗa tun da wuri. Iyakar abin da ya haɗa shi da ƙasar shi ne ya taɓa yin wata huɗu yana wanke motar wani Bature a Bompai, Baturen ma daga baya aka gano mutumin Girka ne. Amma duk wanda ya bi ta layinmu a Gyadi-Gyadi a shekarun nan ya ga allon da ya kafa da jan fenti: Injiniya Garba Jamus, Likitan Marsandi. Ni ne Shehu mai faci. Rumfata tana jikin garejinsa, inuwar darbejiya ɗaya muke sha, don haka duk ƙaryar da ya gilla a unguwar nan ni nake fara jin ta da ɗumi-ɗuminta.

Babbar taƙamarsa kunne. Kowane ƙarfen inji yana da lamba a jikinsa, kuma duk makaniken da ya san ciwon kansa sai ya goge ya karanta kafin ya saya. Garba ya ce wannan aikin 'yan koyo ne.

"Ni ƙwanƙwasa ƙarfe nake yi da sifana," in ji shi, "ya gaya mini sunansa da na ubansa da garin da aka haife shi."

Gaskiyar magana idonsa ne ba ya ganin ƙananan rubutu, kuma ya rantse ba zai sa tabarau ba don kada a ce ya tsufa.

To, a shekarar casa'in da tara, da aka tabbatar soja za su miƙa mulki ranar ashirin da tara ga watan Mayu, kowa a Kano ya shiga hangen abin da zai faɗo masa. Garba ya ji ana raɗe-raɗin sabon shugaban ƙaramar hukuma zai nemi wanda zai riƙa kula da motocin ofis. Sai ya ce ai abin da ya rage masa kawai ya yi wani aiki da duk Tarauni za ta gani da idonta. Aikin kuwa yana nan ajiye a ƙarshen layinmu, a ƙarƙashin rumfar kwano, a gidan Baba Yakubu.

Baba Yakubu mutumin kudancin Kaduna ne, tsohon ma'aikacin gwamnati, ya fi shekara arba'in a Kano. Yana da wata baƙar Marsandi mai lamba 280, wato tu-eti, irin ta da, mai dogon inji, silinda shida a jere. Wata safiya a shekarar tamanin da huɗu ya yi lattin minti goma, saboda ya biya asibiti da matarsa Mama Saratu. Ya tarar da soja a bakin ƙofar ma'aikata. Suka fito da shi daga cikin motar, da kwat ɗinsa da furfurarsa, suka sa shi tsallen kwaɗo a gaban masinjojinsa. Ya koma gida, ya ajiye motar, ya zare makulli, ya ce shi da sitiyarin nan sai ranar da soja suka koma bariki.

Mun ɗauka fushin kwana biyu ne. Shekara goma sha biyar mutumin nan yana hawan bas da acaba, kuma duk Asabar sai ya wanke motar tas ya mayar mata da tamfol. A casa'in da uku har ya kira ni na hura masa tayoyi, sai aka soke zaɓe, ya sake kirana na sace iskar da hannuna. Yanzu ya haura saba'in, ga ciwon gwiwa, ga ido ya fara rauni. Burinsa ɗaya ne, kuma duk layin ya san shi: ranar miƙa mulki ya tuƙa motarsa da kansa, da Mama Saratu a gefe, daga ƙofar gidansa zuwa filin Tarauni inda unguwa ta shirya walima.

Niyyarsa ya ba wa Mu'azu aikin, wani makanike marar hayaniya da ke tsallaken titi, wanda ko ƙarfe nawa ka tambaye shi sai ya ce bari ya duba. Garba ya ji labari, ya riga shi zuwa.

"Haba Baba, da girmanka? Marsandi za ka ba wa mai gyaran Fijo?"

"Ai ba gyara take so ba, Garba. Lafiyarta ƙalau na ajiye ta. Batir ne da baƙin mai da filogi."

"Haka kowa yake cewa a kan marar lafiyarsa. Ka bar mini ita mako uku. In ba ta kai ka Tarauni tana rera waƙa ba, ka tsayar da ni a tsakiyar titi ka yi mini hukuncin da ka ga dama."

Baba Yakubu mutum ne mai kunya, ba ya iya cewa maƙwabci a'a. Na hura tayoyi karo na biyu, aka turo motar gareji, Garba yana gaba yana ba da hannu kamar shi ya ƙera ta.

Aka sa sabon batir, aka juye mai, aka canza filogi. Garba ya murɗa makulli. Motar ta yi tari sau biyu, ta yi shiru. Mu'azu ya tsallako titi, ya leƙa cikin bonet hannunsa a baya, ya jima yana dubawa.

"Zanzaro ne," ya ce. "Ga ginin laka nan a bakin hanyar iska, ya shiga har ciki. A buɗe a wanke, za ta tashi."

"Zanzaro," in ji Garba, yana kallon mutanen da suka fara taruwa. "Kun ji ilimin tsallaken titi."

Kafin azahar ya kwance kan injin gaba ɗaya, wato murfin nan mai nauyi da ke rufe silinda shidan, inda bawul da filogi suke zaune, wanda makanikai ke ce wa tof. Ya sa aka sauke shi a kan buhu, ya ce kowa ya yi shiru. Ya rufe ido, ya ɗaga sifana, ya doka. Ƙarfen ya ce ƙub.

"Kun ji? Wannan muryar gawa ce. Lafiyayyen tof in ka doke shi kuka yake kamar ƙararrawar makaranta. Wannan ya tsage ta ciki. Tsaga uku, ɗaya ma har ta yi reshe."

"Laka ce ta cika shi," in ji Mu'azu, "kuma a kan buhu ka ɗora shi. Ko kwanon sha ka ɗora a kan buhu haka zai yi."

"Malam Mu'azu, ina jin akwai Fijo tana jiranka."

Mu'azu ya kaɗa kai ya koma. Ni ma da na sani da na yi magana, amma a lokacin ina ganin ba layina ba ne, ni da iska nake sana'a.

Washegari Garba ya nufi kasuwar Ƙofar Ruwa neman wani tof ɗin, na bi shi don ina buƙatar gam da robar faci. Muka shiga rumfar wani mai tsofaffin kayan Marsandi. Mutumin ya yi tambayar da kowane mai hankali zai yi.

"Wace lamba ce a gefen tsohon?"

"Na yi maka kama da mai karanta lamba? Jero mini duk na silinda shida da kake da su."

Aka jera guda bakwai a ƙasa. Garba ya naɗe hannun riga, ya rufe ido, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana kaɗawa, ya dawo baya ya sake. Kafin ka ce kwabo 'yan kasuwa sun kewaye mu, wani ma ya tambaye ni ko biki ake yi. A kan na biyar Garba ya tsaya, ya doka sau uku, ya yi murmushi.

"Wannan ne. An haife shi ranar Talata."

Mai rumfa ya tofa yawu a yatsa, ya goge gefen ƙarfen, ya karanta. "Injiniya, wannan na tu-tati ne, ƙanwar taka. A ido kamar ɗaya suke, amma ba ɗaya ba ne."

"Uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Ɗankwalin ƙanwa ba ya hawa kan yaya?"

"Yana hawa. Amma in ya fita daga rumfar nan ba ya dawowa, jama'a ku shaida."

Jama'a suka shaida, muka ɗauko kayanmu a bayan akori-kura.

Da aka ɗora shi a kan gangar injin, ramukan notuna suka dace, Garba ya yi ta kiran mutane su zo su ga aikin kunne. Sai Mu'azu ya sake tsallakowa, wannan karon da sabon gaskit a hannu, shimfiɗar nan da ake sawa tsakanin tof da gangar inji. Ya ce a juya tof ɗin, ya shimfiɗa gaskit a fuskarsa. Ko ni da ba makanike ba na ga matsalar. Ruwan da ke sanyaya inji ta waɗansu ramuka yake hawowa daga ƙasa zuwa sama, to ramukan sabon tof ɗin sun kauce wa na ƙasa, wasu rabi, wasu gaba ɗaya.

"Ruwa ba zai sami hanya ba," in ji Mu'azu. "Ka goge tsohon ka karanta lambarsa, a nemo irinsa. Ko ma dai ka wanke shi ka mayar."

Garba ya yi dariya har da riƙe ciki. "Ramin da bai zo inda kake so ba, ai kawo shi ake yi. Mene ne amfanin injiniya?"

Ya aro injin huda ƙarfe a wurin mai walda, muka zauna jiran wuta har la'asar. Da aka kawo, ya huda rami huɗu lafiya. A na biyar ya juyo yana ba wa mai shayi labarin dusar ƙanƙarar Jamus, sai bakin injin ya zarce ya ɓulla ta hanyar da hayaƙi ke fita. Muka ga hasken rana ta inda bai kamata ba.

"Da gangan na yi," ya ce. "Don iska ta riƙa zagayawa."

Duk da haka ya fasa tsohon batir ɗin Baba, ya narka dalmar ciki a gwangwanin tumatir, ya tsiyaya a ramin da ya yi da gangan, ya kuma toshe tsofaffin ramukan da ita. Mu'azu daga tsallake ya ɗaga murya, abin da ban taɓa jin ya yi ba, ya ce dalma ba ta kama alminiyam, da inji ya yi zafi za ta saki. Garba ya ƙara wa rediyonsa murya.

Ana gama wannan sai aka ga tof ɗin ba ya zama daram a kan injin, yana rawa kamar teburin da ƙafarsa ɗaya ta gaza. Ashe tun a motarsa ta farko zafi ya lanƙwasa shi, abin da kunne bai gaya wa Garba ba. Maganin wannan sananne ne: akwai wani dattijo a Unguwar Gano mai injin fere fuskar ƙarfe, ana kai masa ya cire kaurin takarda ɗaya ko biyu, fuska ta daidaita. Amma Garba ya taɓa jin cewa in aka ƙara fere tof, inji yana ƙara ƙarfi. A wurinsa kuwa abin da kaɗan ɗinsa ke da amfani, mai yawansa ya fi.

"Cire mini kaurin kwabo," ya ce wa dattijon.

"Kwabo? Ɗana, mota za ka gyara ko faranti kake so in yi maka?"

"Baba, motar nan in ta tashi daga Gyadi-Gyadi so nake sai an riƙe ta a Tarauni, in ba haka ba ta zarce Wudil."

Dattijon ya ce shi dai ba ruwansa, ya fere. Garba ya dawo da shi gareji, ya shafa, ya ce bai yi santsin Jamus ba, ya sake mayarwa aka ƙara. Da aka ɗaure, ya kama injin da sifana zai juya shi da hannu, sai muka ji ƙas. Ya koma baya, ya sake, ƙas. Tof ɗin ya yi ƙasa da yawa, fistan, ƙarfen da ke hawa da sauka a cikin silinda, yana tasowa yana dukan bawul a ka.

Da wani ne ya kai nan, da ya tsallaka titi ya ce Mu'azu ka rufa mini asiri. Garba kuwa ya sayo gaskit na biyu ya ɗora a kan na farko. Bai isa ba. Ya aika kantin kusa aka ba shi kwalin sabulun wanki, ya zana, ya yanka da almakashin tela, ya sa a tsakiya. Ya juya injin, ya wuce ba ƙas.

"A Jamus har biyar ake sawa," ya ce mini. Na ce masa wannan dai gyaran gangar Auzinawa ne, ya ce in je in ji da tayoyina.

Ana saura kwana biyar Baba Yakubu ya dogaro sandarsa ya zo dubiya. Ya shafa motar, ya leƙa inji, ya duba ƙarƙashin benci.

"Garba, ina tsohon tof ɗin? Ka ajiye mini shi. Ko ya mutu ina son gawarsa, da shi na sayo ta."

"Yana wuri mai kyau, Baba. Ya huta."

Ni dai na tuna cewa a makon farko na ga an tura wani abu a baro, lulluɓe da buhu, an nufi kasuwar Tarauni da shi. Ban kawo komai a raina ba. Ban kuma kawo komai ba da Ladi, matar Garba, ta biyo ta gaban gareji Baba yana nan tsaye, mata biyu suna ɗauke mata da wata dankareriyar sabuwar tukunya tana ƙyalli. Ita aka ba wa dafa shinkafar walima, kuma shekara biyu ke nan tana yi wa mijinta mitar babbar tukunya.

"Malam, yau kam ka yi abin kai," ta ce. "Shekara ashirin ina jin baki, yau na ga ƙarfe."

"Ladi, wuce gida."

"Me zan ɓoye? Baba Yakubu, ina wuni. Ka ga abin da maƙwabcinka ya yi mini?"

"Na gani, Allah ya sa albarka," in ji Baba. Garba ya cusa kansa cikin bonet, bai fito ba sai da suka yi nisa.

Mu'azu ya ba da shawara ta ƙarshe, ya ce a bar injin ya yi aiki ko na rabin awa kafin ranar. Garba ya ce ba a yawo da amarya kafin ranar biki. Ya tayar da ita minti ɗaya, ta yi gurnani, ya kashe, aka tura ta gida.

Ranar Asabar da hantsi duk rediyon da ke Gyadi-Gyadi magana ɗaya yake, ana rantsar da farar hula. Baba Yakubu ya fito cikin kwat ɗin nan na tamanin da huɗu, ya yi masa yawa a kafaɗa. Mama Saratu ta ɗaura ɗankwalinta na zuwa coci. Garba ya sha sabuwar babbar riga, ya shige kujerar baya ba wanda ya gayyace shi. 'Yan acaba kusan talatin suka jeru. Na hau kekena. Mu'azu ya biyo can baya a babur ɗinsa, da jarkar ruwa biyu a ɗaure.

Baba ya zauna ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Sannan ya murɗa makulli. A karo na uku ta kama, ta yi wani ruri da ya tayar da kajin layin. Mama Saratu ta dafa hannun tsohon. Wallahi sai da na ji ƙwalla ta taho mini, har na fara tunanin ko dai mun zalunci Garba ne.

Muka fita layi lafiya, muka hau titi. Garba ya zuro rabin jikinsa ta taga yana ɗaga wa jama'a hannu biyu, har wasu suka ɗauka shi ne sabon shugaban ƙaramar hukumar. Ba mu yi nisa ba sai ƙamshin sabulu ya cika titi.

"Garba, me nake ji haka?" in ji Baba.

"Tsabtar aiki ce, Baba."

Can sai farin hayaƙi ya fara tuttuɗowa daga salansa, 'yan acaban baya suka shiga tari suna kaucewa.

"Tsohon sanyi take fitarwa. Shekara goma sha biyar ba wasa ba."

"Allurar zafi ta kai ja," in ji Mama Saratu.

"Mama, allurar ma murna take. Baba, taka totur, gudu take nema."

Baba bai taka ba, amma ba a buƙata. Injin ya fara ƙwanƙwasa kamar ana dakan sakwara a cikinsa. Daidai kasuwar Tarauni, ana hango tutocin filin walima, sai muka ji wani tas, wani dunƙulen dalma ya fito ta salansa ya daki tiren mai mangwaro, mangwaro ya watse a titi. Tururi ya turnuƙe bonet. Motar ta yi shaƙuwa sau uku, ta tsaya.

Kasuwa ta watse ta dawo kanmu. Mu'azu ya jingine babur, ya jira tururi ya lafa, ya buɗe. Ya zaro ma'aunin mai, ya fito fari-fari kamar kunu da madara. Ya ja wani baƙin abu daga gefen tof, guntun kwali ne da rabin hoton kumfa a jiki.

"Wannan tof ɗin ya gama," ya ce. "Amma ina jin gangar injin da sauranta, an tsaya da wuri. Baba, in an kawo tsohon yanzu, in wanke shi, in sa gaskit ɗaya, in sha Allahu kafin magariba za ka shiga filin nan da ita."

Fuskar Baba ta washe. "To madalla. Garba, aika a ɗauko."

Garba ya gyara hula. Ya ce wato, shi tsohon, akwai 'yar magana. Ya ce inda ya kai shi ba a shiga ranar Asabar. Ya ce kuma ai ya tsage, kowa ya ji da kunnensa. Yana cikin wannan kame-kame sai wani ƙato mai baƙin toka a hannu ya ratso taron yana washe baki. Ƙasimu ne mai zubin tukwane, wanda rumfarsa ke bayan kasuwa, mutumin kirki wanda bai iya magana a hankali ba.

"A'a, Injiniya, ashe kai ne. Ai ina ta nemanka in yi godiya. Don Allah in kana da irin kan injin nan ka ƙara kawo mini."

"Ƙasimu, ma yi magana anjima."

"Ka ce mini a tsage yake. Wallahi mu uku muka wuni da guduma kafin ya fashe. Ko tsaga ɗaya babu, gidan zanzaro ne kawai cike da shi. Ban taɓa narka alminiyam mai kyansa ba. Tukunyar Ladi ta fito sumul, ko kafar allura babu. Yanzu ma daga wurinta nake, tana can fili a kan wuta."

Ban taɓa jin kasuwar Tarauni ta yi shiru irin na ranar ba. Ƙasimu ya dubi fuskoki, ya tambaye ni a kunne, da muryar da aka ji har tsallaken titi, ko ya faɗi wani abu ne.

Baba Yakubu ya buɗe ƙofa ya fito a hankali. Ya tsaya yana kallon injin da ke ta ɗigar ruwa. Na ji tausayinsa har cikin raina, na kuma ji haushin kaina da na ga baro ya wuce ban tambaya ba. Garba ya zube a kan gwiwa, babbar rigar tana sharar ruwan lagireto. 'Yan acaba suka harzuƙa.

"Baba, shi ya ce ka yi masa hukuncin da ka ga dama, a gabanmu ya sha faɗa," in ji ɗayansu. "A sa shi tsallen kwaɗo daga nan har fili."

Taron ya ɗauka, kowa na cewa tsallen kwaɗo. Har Garba ya kai hannu zai kama kunnuwansa, kunnuwan da suka ja mana duk wannan.

"Sauke hannunka," in ji Baba Yakubu. Bai ɗaga murya ba, amma kowa ya ji. "Yau aka ce sun koma bariki. Ba wanda zai ƙara tsallen kwaɗo a gabana, ko da Garba ne."

Ya juya wurin Ƙasimu. "Ɗana, ina ka ce tof ɗina yake?"

"Yana fili, Baba. Shinkafa ce a ciki."

"To ai ya riga mu isa. Sai a kai masa sauran motar." Ya koma ya zauna, ya rufe ƙofa, ya riƙe sitiyari da hannu biyu. "Garba, tuɓe rigar nan kada ta ɓaci. Ka ce za ka kai ni Tarauni, kai ni."

Haka aka yi. Garba ya rage daga shi sai singileti, ya kafa kafaɗa a bayan Marsandi, ƙarfen da ba irin na yanzu ba. 'Yan acaba suka jeru gefe da gefe suna tafiya a hankali suna danna hon, ba wanda ya sa masa hannu. A ɗan hawan da ke kusa da fili motar ta fara dawowa baya, sai ni da Mu'azu muka kama, ba don Garba ba.

Baba ya karya kan motar da kansa ya shiga ƙofar fili, ya taka burki daidai gaban rumfa, ya danna hon sau ɗaya. Ya zare makullin da bai kunna komai ba, ya dubi Mama Saratu.

"Saratu, mun iso."

Labari ya riga mu zuwa. Ladi tana tsaye a bakin murhu da ludayi a hannu, tana kallon mijinta yadda ake kallon akuyar da ta ci shanya. Ita ta zuba wa Baba farantin farko. Ya ci cokali uku, ya tashi ya je ya tsaya a gaban tukunyar, ya miƙa sandarsa ya ɗan ƙwanƙwasa gefenta. Duk da shinkafar da ke ciki sai da ta amsa.

"Ladi, abinci ya yi daɗi," ya ce. "In an gama a wanke ta a sa mini a but. Kayan motata ne."

Ladi ba ta yi musu ba. Ta ce to Baba, sannan ta juya tana neman Garba da ido, ba ta ajiye ludayin ba.

Na same shi a bayan rumfa ya baje a ƙasa, gumi na zuba, yana haki kamar zai shiɗe. Na miƙa masa ruwa. Ya sha rabi, ya zuba rabi a ka, ya yafito ni da hannu in matso.

"Shehu, tsakaninka da Allah," ya ce, "ka ji yadda ta shigo filin nan, ko ƙara babu? Wace Fijo ce za ta yi haka?"